Ilmin Mata a Ƙasar Tambuwal da Kebbe: Daga Jaji Zuwa Malamar Makaranta

Wanda ya tashi daga birnin Sakkwato ya bi hanyar mota ta kudu, wadda ta nufi Jega da Yawuri, zai wuce Boɗinga da Shagari, sa'an nan ya iso Tambuwal bayan tafiyar kusan mil 60. In ya ƙara yin kudu, ya ɗan karkata gabas, sai ya faɗa ƙasar Kebbe, wadda ta yi iyaka da ƙasar Gummi ta Jihar Zamfara. Kada a rikita Kebbe da Kabi ta Kanta, ko da ya ke maƙwabtan juna ne. Mutanen wannan yanki yawancinsu manoma ne da makiyaya. Su kan noma gero da dawa a tudu, shinkafa da albasa a fadama.

A garin Tambuwal akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, inda 'yan mata ke zuwa karatu daga jihohi dabam dabam. Amma ba sai an yi nisa da garin ba za a tarar da ƙauyen da yarinya za ta girma, a yi mata aure, ba ta taɓa riƙe fensir ba, karatun allon ma bai wuce 'yan gajerun surori ba. In aka tambayi dalili, waɗansu su kan ce ai ilmin mata baƙon abu ne, Turawa suka zo da shi. Tarihin ƙasar bai yarda da wannan magana ba. Ya nuna an karantar da matan ƙauye a ƙasar Sakkwato tun Turawa ba su zo ba, ya kuma nuna hanyar da aka bi aka yi nasara, watau aika musu da malama mace wadda ta fito daga cikinsu.

Gidan Shehu

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta cikin 1754, ya tashi a Ɗagel ta ƙasar Gobir. Gidansu gidan malamai ne, maza da mata. Mahaifiyarsa Hauwa'u da kakarsa Ruƙayya duk masu ilmi ne. Saboda haka tun yana yaro ya saba ganin mace da littafi a hannu.

Sa'ad da ya fara yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, sai mata suka riƙa zuwa saurare tare da maza, an keɓe musu nasu wuri. Wannan bai yi wa waɗansu malamai daɗi ba. Wajen 1786, yana cikin ƙasar Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da waƙar Larabci yana zarginsa da tara maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, barin mata cikin jahilci, ba su san abin da Allah ya wajabta musu ba, ya fi muni bisa ga fitowarsu neman sani cikin sutura. Abdullahi ya ajiye labarin wannan muhawara a littafinsa Tazyinul Waraƙati.

Shehu da kansa ya koma kan maganar a littafinsa Nurul Albabi. Ya zargi malaman da ke kwana suna karantar da almajiran waje don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba wanda ya koya musu ko hukuncin alwala. Ya kuma gargaɗi mata kada a ruɗe su da cewa biyayyar miji kaɗai ta ishe su, ba tare da sanin Allah da Manzonsa ba. Abin da ya faɗa kuwa ya aikata a gidansa. 'Yarsa Hadiza ta shahara da sanin fiƙihu. Maryamu ta yi rubuce-rubuce. Wadda ta fi su duka suna ita ce Nana Asma'u.

Nana Asma'u da wanta Buhari

An haifi Asma'u a Ɗagel cikin 1793, tagwaye ne ita da Hasan. Tana da shekara wajen 11 aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. Ta ga wahalar shekarun jihadi da idonta, ta ga yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har jama'a ta sami mazauni a Gwandu cikin 1805. Duk da haka karatunta bai tsaya ba. Ta san Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Bayan an ci Alkalawa cikin 1808, aka gina Sakkwato cikin 1809. Shehu ya zauna 'yan shekaru a Sifawa, kusa da Boɗinga, sa'an nan ya koma Sakkwato, ya rasu can cikin 1817. Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Ƙasa ba ta kwanta nan da nan ba, gama Kabawa da Gobirawa da waɗansu Zamfarawa ba su daina ɗaukar makami ba. Sai aka bi dabarar kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a sa 'ya'yan gidan Shehu da manyan jama'a su zauna ciki su tsare. Tambuwal tana cikin irin waɗannan garuruwa. Wanda aka danƙa wa ita shi ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wan Asma'u, uba ɗaya. Zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙon sarautar garin.

Buhari jarumi ne, malami ne kuma mawaƙi da Larabci. Da ya rasu, Asma'u ta yi masa waƙar makoki. Saboda haka gidan sarautar Tambuwal reshe ne na gidan nan da aka san matansa da karatu. Mutumin Tambuwal da ya ce ilmin mata ba gadonsa ba ne, bai bincika asalin garinsa ba.

Asma'u ba a ɗaki kaɗai ta yi amfani ba. Bayan rasuwar Shehu ta taimaka wajen tattara littattafansa. Tana musayar takardu da malaman nesa. Bello ya kan saurari shawararta. Ta waƙe tarihin jihadi, ta kuma waƙe nasarar da aka samu a Gawakuke cikin 1836. Amma babban aikinta shi ne wanda ta yi wa matan ƙauye.

'Yan Taru

Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu da yawa. An kuma kawo mata kamammu masu yawa cikin sababbin garuruwa. Yawancin waɗannan mata Hausa kaɗai su ke ji, ba su san Larabci ko Fulatanci ba. In ciwo ya kama su ko ɗa ya mutu, bori su ke komawa, don shi suka sani. A Gobir ma akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarki, wadda ke shugabancin bori. Asma'u ta lura hani kaɗai ba zai raba mace da abin da ta dogara da shi ba, sai an ba ta wanda ya fi shi.

Amma ta yaya za a kai ga matan? Matar aure tana da miji da goyo da daka da ɗaukar ruwa, ba ta iya barin gida ta tafi Sakkwato. Malami namiji kuma ba ya shiga gidan wani. Dabarar da Asma'u ta yi, a wajen ƙarshen zamanin Bello, ita ce wannan. A ƙauye sai a zaɓi dattijuwa mai hankali da mutunci, wadda kowa ya yarda da ita. Asma'u ta naɗa ta, ta ba ta malfa da jan rawani. Sunan wannan shugaba jaji, kamar yadda a ke kiran jagoran ayarin fatake. Malfar kuwa irin wadda Innar Gobir ke sawa ce. Da gangan aka yi haka, don mata su ga alamar girman da suka saba gani, amma a kan mai karantarwa.

In an gama aikin gona, jaji ta kan tara tsofaffin mata waɗanda suka huta da haihuwa, da 'yan mata waɗanda ba a yi wa aure ba tukuna. Su kama hanya a ƙasa, suna tafe suna rera waƙoƙin da aka koya musu, ɗauke da sadakar da matan aure suka bayar, kamar hatsi da zuma da man shanu da zane. Su sauka gidan Asma'u. Ta karantar da su, ta amsa tambayoyin da matan gida suka aiko, ta raba sadakar ga mabukata. Sa'an nan su koma gida. Jaji ta bi gida gida tana koya wa matan aure abin da ta ɗauko. Waɗannan su a ke kira 'Yan Taru.

Littattafan wannan makaranta waƙoƙi ne, gama waƙa tana da sauƙin hardacewa, mace tana iya bitarta tana kaɗi ko tana niƙa. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114. Akwai Godaben Gaskiya, mai gargaɗi a kan sakamakon ayyuka. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta ambaci salihan mata tun daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan jama'ar Shehu, don mai koyo ta san tana da magabata. Ta kuma juya waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki a kan zalunci.

Aikin jaji bai tsaya ga karantarwa ba. Ita ke sulhunta mata in sun yi faɗa, ta duba marasa lafiya, ta kula da masu jego, ta yi wa mace wanka in ta rasu. Watau ilmi ya ba ta aiki, aikin kuma ya ba ta shugabanci a cikin garinsu.

Asma'u ta rasu cikin 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta komo gida bayan rasuwarsa cikin 1846, ita ta karɓi aikin. Bayanta sai Ta Modi. Haka abin ya yi ta tafiya hannu da hannu har cikin zamanin Turawa.

Zamanin Turawa

Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Makarantun boko da suka fara buɗewa na maza ne. Ɗan Hausa ya buɗe ta Nasarawa a Kano cikin 1909, daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina. 'Yan mata ba su sami tasu ba sai cikin 1930, sa'ad da aka buɗe musu makaranta a Kano da Katsina. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ƙarfafa abin ƙwarai. Lardin Sakkwato ya biyo baya. Cikin 1939, shekara guda bayan naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato, a ke kawo 'yan mata daga lardunan Arewa. A kan koya musu karatu da rubutu da Hausa, da lissafi, da tsabta, da ɗinki, da renon yara.

Amma abin bai kama zukatan talakawa ba. Dalilan kuwa a fili su ke. Na farko, shugabannin makarantun Turawa ne, ba Musulmi ba, iyaye suna tsoron a sāke wa 'ya'yansu addini. Na biyu, ba roƙon iyaye a ke yi ba, umurni ne ke fitowa daga En'e zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a ce a kawo yara kaza. Mai hali ya ɓoye tasa, a kama 'yar bara ko 'yar talaka. Makaranta ta zama kamar haraji ko aikin tilas. Na uku, makarantun suna manyan birane. Mutumin Kebbe ko Kuchi da za a ce ya ba da 'yarsa a kai ta Sakkwato ta kwana wata da watanni a hannun waɗanda bai sani ba, ba abin mamaki ba ne in ya ƙi. Na huɗu, da yarinya ta isa aure sai a cire ta, da yawa cikin waɗanda aka horar ba su koyar ba ko na shekara guda.

In aka gwada wannan da tsarin Asma'u sai a ga inda aka saɓa. Ita ta fara da dattijuwar da gari ya yarda da ita, ta yi magana da harshen mutane, ta kai ilmi har cikin ɗaki. Su kuwa sun fara da gini, suka nemi a kawo musu yara. Matan da ke karantarwa a cikin gidaje suna nan a lokacin, amma ba a gina sabon tsarin a kansu ba.

Cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka kafa hukumar buga littattafai a Zariya cikin 1954 don waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Aka yi wa mata nasu azuzuwa a cikin gidaje, mata na koya musu, ko da ya ke ba su kai yawan na maza ba. Cikin 1956 aka buɗe makarantar Sarauniya Alsabatu a Ilori, babbar makarantar sakandare ta 'yan matan Arewa. Duk da haka, a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan neman wannan hakki. Ba a ba su shi ba sai cikin 1976.

Bayan Mulkin Kai

Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta shigo da ilmin firamare kyauta ga kowa. Makarantu suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. An kafa jami'a a Sakkwato cikin 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu ɗan Fodiyo cikin 1988. Cikin 1985 mata Musulmi masu ilmi suka taru a Minna suka kafa ƙungiyar FOMWAN, suka buɗe makarantu da azuzuwan matan aure a jihohi da yawa. Ran 30 ga Satumba, 1999, a birnin Sakkwato ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da sabon shirin ilmin bai ɗaya, dokar 2004 kuma ta ce kowane yaro, namiji ko mace, ya yi shekara 9 a makaranta, kyauta kuma tilas.

A wannan zamani ne aka sāke tono aikin Asma'u aka nuna wa duniya. Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta yi aikin koyarwa a Sakkwato, ta sami izinin Waziri Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo, ta duba takardun da ke ajiye a gidansu. Ta buga tarihin Asma'u cikin 1989. Cikin 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a haɗe. Har waɗansu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru.

Amma doka a takarda dabam, abin da ke faruwa a ƙauye dabam. A ƙauyukan kudancin Sakkwato yarinya ita ce ƙafar uwarta. Uwa tana cikin gida tana yin fura ko ƙuli-ƙuli ko ƙosai, yarinya ke kai talla, da ribar a ke tara kayan ɗakinta. In ta tafi makaranta, cinikin ranar ya faɗi. Ga makarantar kuma malamanta duk maza ne, wani lokaci ba makewayi, ba rijiya. Da yarinya ta fara girma sai uba ya ga zamanta a can bai dace ba. Malamai mata suna nan, amma yawancinsu 'yan birni ne, mazansu na birni, ba su yarda a tura su ƙauye.

Abin da Aka Gwada a Kebbe

Daga 2012 zuwa 2022 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, da kuɗin Gwamnatin Ingila, ya gudanar da kashi na uku na shirin ilmin 'yan mata a jihohi 6 na Arewa: Bauci, Katsina, Neja, Sakkwato, Zamfara da Kano. A Jihar Sakkwato an zaɓi ƙananan hukumomi 6, Kebbe tana ciki, tare da Binji, Boɗinga, Goronyo, Gudu da Wurno.

An bi hanyoyi da dama. Daga 2014 zuwa 2016 aka riƙa ba uwaye Naira 5,000 kowane wata uku a kan kowace yarinya, don a rage musu hasarar talla, su sayi riga da littafi. Aka kafa ƙungiyoyin uwaye mata, su bi gida gida suna yi wa 'yan'uwansu magana. Aka shigar da karatun boko da lissafi cikin waɗansu makarantun Alƙur'ani, inda iyaye ba su jin tsoron tura 'ya'yansu. Aka kuma koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko. Da shirin ya ƙare, UNICEF ta ba da labari cewa 'yan mata wajen miliyan 1.5 sun shiga makaranta a jihohin nan shida.

An kuma yi wani shiri da aka fara cikin 2008, wanda ya fi duka kama da na Asma'u. An riƙa zaɓen 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a biya musu kuɗin karatu a kwalejin horon malamai, a Sakkwato ita ce Kwalejin Shehu Shagari, bisa sharaɗin in sun gama su koma ƙauye su koyar na shekara 2. Shirin ya gamu da cikas. Kuɗin ba ya zuwa a kan kari. Turanci ya yi wa waɗansu nauyi, don tushen da suka samu a firamare ba shi da ƙarfi. Waɗansu sun gama ba a ɗauke su aiki da wuri ba. Waɗannan kurakuran masu gudanarwa ne, ana iya gyara su. Ita dabarar kuwa an riga an jarraba ta shekaru fiye da 150 da suka wuce, ta yi aiki.

A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, ɗan wannan gari, wanda ya yi mulkin jihar daga 2015 zuwa 2023, ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Cikin 2021 ya sa hannu a dokar kare hakkin yara. A garin Tambuwal kuma akwai makarantar koyon aikin jinya. Amfaninta ga ƙauye babba ne, gama mace mai naƙuda sau da yawa ta kan ƙi zuwa asibiti, ko mijinta ya hana ta, in an san namiji ne zai duba ta. Ungozoma mai ilmi ba ta samuwa sai an bar wata yarinya ta gama firamare da sakandare. Uban da ke son mace ta duba matarsa, amma ya hana 'yarsa karatu, yana son girbi ne a gonar da bai shuka ba.

Sabuwar Barazana

A shekarun baya bayan nan wata masifa ta ƙaru a kan ta da. Cikin Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Cibok a Jihar Barno, duniya duka ta ɗauka. A shekarar nan ce aka ba Malala Yusufzai ta Pakistan, yarinyar da aka harba don tana neman ilmi, kyautar Nobel ta zaman lafiya. Cikin Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Zamfara. Cikin Yuni na shekarar aka afka wa Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri, a kan hanyar nan da ta ratsa Tambuwal. Uban da ya ji wannan ya ji tsoron makarantar kwana, ba za a ce masa jahili ba. Tsare makarantu wajibi ne a kan hukuma. Amma wannan ma ya ƙara nuna amfanin makarantar da ke kusa da gida, wadda yarinya za ta je da safe ta komo da azahar, a hannun malamar da uwarta ta sani.

Mata masu ilmi daga Arewa sun kai matsayi mai nisa. Amina Muhammad, 'yar asalin Gwambe, ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2017. A jami'ar Sakkwato akwai mata shaihunan malamai, akwai likitoci da alƙalai mata a jihohin Arewa. Kowace ɗaya cikinsu akwai ranar da aka fara koya mata baƙi da wasali, akwai kuma uban da ya yarda.

Aikin da ya rage yana hannun mutanen gari. Hakimi da dagaci da liman su ne za su zaɓi 'yan matan da za a tura horo, su tsaya har a komo da su a ba su aji a garinsu. Miji ya bar matarsa ta ƙarasa karatun da aure ya katse. Wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci da takardar shaida, ya tuna zargin da Shehu ya yi wa malaman da suka manta da na cikin gida, ya zauna da matarsa da 'yarsa bayan sallar isha'i ya nuna musu abin da aka nuna masa. Macen da ta iya karatu kuwa, ko kaɗan ne, ta tara maƙwabtanta a tsakar gida. Jajin Asma'u ba manyan malamai ba ne, abin da aka ba su suka riƙe da kyau suka kai wa waɗansu.

Allah ya jiƙan Shehu da Nana Asma'u da jajinta, ya ba na baya ikon riƙon abin da suka bari. Amin.